Tattaki ga mai ciwon huhu: a ina ake tsayawa, a ina ake ci gaba?

Malamar jinya:
Assalamu alaikum. Ina so mu ɗan zauna kan batun tattaki ga masu ciwon huhu mai daɗewa, musamman masu COPD, wato ciwon toshewar hanyoyin iska mai daɗewa, da waɗanda tarin fuka ya warke ya bar musu tabo. Abin da ake yawan sallamar su da shi bai wuce "a riƙa motsa jiki" ba. To mutumin da daga gado zuwa ban ɗaki sai ya tsaya ya dafa bango, me zai yi da wannan maganar? Wani ya ji tsoro ya ƙi motsawa gaba ɗaya, wani ya fita da zafinsa rana ɗaya, numfashi ya sarƙe, ya dawo ya rantse ba zai ƙara ba. Minti nawa za a ce masa? Da wane sauri? Kuma wace alama ce ke nufin ya tsaya, wacce ce ke nufin ya daure?

Likitan fisiyo:
Wa alaikumus salam, Sista. Kafin lissafi, akwai abin da dole majinyaci ya gane, in ba haka ba ba zai yi mako biyu yana yi ba. Tattaki ba ya gyara huhun. In aka yi gwajin busa, wanda ake hura iska cikin na'ura don auna ƙarfin huhu, kafin a fara, aka sake bayan wata biyu, kusan lamba ɗaya za a gani. Abin da ke canzawa ƙafa ce.

Ga yadda abin yake. Haki ya sa mutum ya rage motsi. Tsokar cinya ta kwana biyu ba ta aiki sai ta rame, kuma zaren tsokar da ke aiki da iska a hankali ba gajiya su ne ke raguwa, masu saurin gajiya su yi rinjaye. Irin wannan tsoka da ɗan aiki kaɗan sai ta fara zubar da tsami cikin jini. Jiki kuma hanyarsa ta rage tsamin ita ce ya ƙara numfashi. Ka ga huhun da dama da ƙyar yake ja, an ƙara masa kaya. Tafiyar da bara ba ta sa shi haki ba bana ta sa shi, sai ya ce ciwon ne ya ci gaba, ya ƙara zama. Alhali wani ɓangaren abin daga cinyarsa yake.

In aka horar da cinyar, taku ɗaya ne amma iskar da take nema ta ragu. Shi ya sa hakin da ake ji lokacin tattaki ba alamar huhu na lalacewa ba ne. Hakin ma ana neman sa, amma gwargwado.

Malamin motsa jiki:
Gwargwadon nan shi ne wurin da ake ɓata. "Sannu ba ta hana zuwa" gaskiya ce, amma a nan in sannun ta yi yawa ba a zuwa ko'ina. Mutum ya yi ta jan ƙafa minti talatin bai ji komai ba, tsoka ba ta san an yi ba.

Likitan fisiyo:
Shi ya sa ake aunawa tukuna, Malam. Gwajin tafiyar minti 6. Ba ya buƙatar komai sai wuri miƙaƙƙe mai tsawon mita 30, ƙasa a daidaice, alama a kowane ƙarshe, kujera a kusa, agogo da na'urar yatsa mai auna oksijin.

A zaunar da shi ya huta kamar minti 10, a ɗauki bugun zuciya da hawan jini da oksijin. A gaya masa ya yi tafiya iyakar nisan da zai iya cikin minti 6, ba gudu ba, ba sassarfa ba. In ya gaji yana iya tsayawa ko ya jingina, amma agogo ba ya tsayawa. Mai gwajin kada ya jera da shi, don in ka jera da mutum saurinka zai bi. In dole sai ka duba na'urar, ka kasance bayansa. Kuma kada a yi ta "yauwa, ƙara, saura kaɗan" yadda aka ga dama. Kowane minti ɗaya a faɗi lokacin da ya rage da murya ɗaya, shi ke nan, don zuga kaɗai tana ƙara nisan.

Ana yi sau biyu a karon farko, da hutun aƙalla minti 30 a tsakani, a ɗauki wanda ya fi. Dalili shi ne na biyun kusan kullum ya fi na farko da mita ashirin da wani abu, don mutum ya koyi yadda zai raba ƙarfinsa. In sau ɗaya ka yi, bayan wata biyu za ka ga an ƙaru ka ɗauka horon ne, ashe sabo ne kawai.

Daga nan sai lissafi. A ce ya yi mita 300. Raba da 6, mita 50 ke nan a minti. Saurin horo shi ne kashi 80 cikin ɗari na wannan, wato mita 40 a minti. Minti 10 ya zama mita 400, minti 20 mita 800. A wurin mai mita 30, mita 400 zuwa 13 ne da ɗoriya, kowane zuwa daga wannan alamar har waccan. Yanzu ka ba shi abin da zai riƙe: "zuwa 13 cikin minti 10", maimakon "ka riƙa motsa jiki".

Malamar jinya:
Likita, ba kowa ke da mita 30 a miƙe ba.

Likitan fisiyo:
Haka ne. A yi da abin da aka samu, ko mita 15 ne, amma a san cewa juyawa tana cin lokaci, nisan zai fito ƙasa da na gaskiya. Sharaɗin shi ne duk lokacin da za a sake gwajin a yi a wuri ɗaya, da takalmi iri ɗaya, kusan lokaci ɗaya na yini. Kada a kwatanta lambar da aka samu a mita 15 da ta mita 30. Ƙarin da ake ɗauka na gaske ne, wanda majinyaci zai ji a jikinsa, shi ne kusan mita 30.

Likitan ƙirji:
In ƙara kan wannan. Ba kowa ake sa wa gwajin nan kai tsaye ba. Wanda jijiyar zuciyarsa ta toshe cikin watan da ya wuce, ko yake da ciwon ƙirjin zuciya da ke zuwa ko yana zaune, ba a yi masa. Wanda zuciyarsa ke bugawa sama da 120 yana hutawa, ko hawan jininsa ya haura 180 a sama ko 100 a ƙasa, a fara daidaita wannan. Masu COPD da yawa suna da ciwon zuciya a ɓoye, don taba ce ta haɗa su, kuma duk hakin da suka yi huhu ake ɗora wa.

Nisan ma yana faɗin wani abu game da gaba. Ƙasa da mita 350 ga mai COPD alama ce ta haɗari ya ƙaru. Ba don a tsorata shi ba, don a san wanda bai kamata a bar shi da shawarar baki kawai ba.

Malamin motsa jiki:
Lissafin mita yana da kyau a takarda, amma jiki ba kullum yake ɗaya ba. Yau ya kwana lafiya, gobe ya kwana tari. Shi ya sa nake ganin ma'aunin Borg ya fi zama abin da mutum zai fita da shi. Daga 0 zuwa 10: 0 babu haki sam, 2 ɗan kaɗan, 3 matsakaici, 4 ya fara tsanani, 5 mai tsanani, 10 iyaka. Wurin da ake so ya zauna 3 zuwa 4 ne. Wanda lambobi ba sa shige shi, a ce masa ya gwada magana. In zai iya faɗin gajeriyar jimla, kalma biyar ko shida, sannan ya ja numfashi, yana daidai. In zai iya zuba hira ba tsayawa, ya ƙara sauri. In kalma ɗaya-ɗaya yake fitarwa, ya wuce wuri.

Kuma lokaci ake fara ƙarawa kafin sauri. Minti 1 ko 2 bayan 'yan kwanaki, har a kai minti 20, sannan 30, kwana 3 zuwa 5 a mako. Sai an kai nan ake taɓa sauri ko a nemi ɗan tudu. Minti 5 na farko da 5 na ƙarshe a hankali ake yin su.

Mai haɗa magunguna:
Na ji daɗi da ba wanda ya kawo lissafin nan na 220 a cire shekaru, wanda ake yi don sanin iyakar bugun zuciya a minti. Ga waɗannan mutanen ba ya aiki. Mai COPD numfashinsa ke ƙarewa tun kafin zuciya ta kai inda lissafin ya ce. Mai shan bisoprolol ko atenolol, magungunan da ke rage bugun zuciya, zuciyarsa ba za ta hau sosai ba ko ya yi yaya, in ya ce sai ya kai lambar zai kashe kansa da wahala. Wanda kuma ya shaƙi salbutamol, maganin buɗe hanyoyin iska, yanzu, zuciyarsa tana sama tun bai ɗaga ƙafa ba.

Likitan fisiyo:
Daidai. Bari in koma kan numfashin kansa, don nan ne mafi yawan mutane ke faɗuwa a minti na uku.

Mai COPD matsalarsa fitar da iska ce, ba shigar da ita ba, duk da shi ji yake iskar ce ba ta shiga. Hanyoyin iskarsa sun yi laushi, suna rufewa kafin ya gama fitarwa. Yana zaune yana numfashi sau 15 a minti, kowane numfashi yana da daƙiƙa 4, ya ishe shi. Ya tashi tafiya ya koma sau 30, yanzu daƙiƙa 2 ce, a ciki zai ja kuma ya fitar. Bai gama fitar da ta farko ba ta biyu ta shigo a kanta, ta uku ta hau kan ta biyu. Ƙirji ya cika ya kumbura, tsokar nan da ke tsakanin ƙirji da ciki ta baje ba ta da sauran wurin sauka. Ku dubi irin wannan mutumin da kyau: kafaɗu sun ɗaga zuwa kunne, jijiyoyin wuya sun fito, baki a buɗe, yana ta ja yana ja. Tulun da ya cika yake ƙoƙarin ƙara wa ruwa.

Maganin shi ne a tsawaita fitarwa. Ya ja ta hanci, ya fitar ta baki da leɓe a tsuke kamar mai shirin yin fito, ba da ƙarfi ba, ba tare da kumbura kumatu ba. Tsukewar tana riƙe ɗan matsi a baya wanda ke hana ƙananan hanyoyin rufewa da wuri. A ɗaura shi da taku: taku 2 ana ja, taku 4 ana fitarwa. In 4 ta yi masa yawa, 1 da 2, ko 2 da 3. Abin lura dai fitarwa ta fi ja tsawo.

Kuskuren da aka fi yi biyu ne. Na farko a koya masa yana tsakiyar haki. A zaune lafiya ake koya, kwana da kwanaki, kafin a kai shi kan tafiya. Na biyu mutum ya riƙa matso iskar da ƙarfin ciki kamar mai hura wuta. Wannan yana ƙara rufe hanyoyin ne.

A matakala ko tudu, a fitar da numfashi lokacin ɗaga jiki, a ja lokacin da aka tsaya a kan matakin. Kada a riƙe numfashi, abin da kowa ke yi ke nan ba tare da ya sani ba.

Likitan ƙirji:
Wannan duk na COPD ne, a kula. Mai taurin huhu, wanda tabo ya cinye huhun ya ƙanƙance, labarinsa daban. Shi iska ba ta maƙale masa, huhun ne ba ya buɗewa, don haka numfashinsa gajere ne mai sauri, kuma hakan ne ya fi masa sauƙi. In ka matsa masa sai ya yi taku 4 yana fitarwa za ka ƙara masa wahala. Kuma oksijin ɗinsa faɗuwa yake yi da sauri, daga kashi 95 a na'urar yatsa yana zaune zuwa 82 cikin minti biyu, wani lokaci ba tare da ya ji ya kai haka ba. Masu tabon tarin fuka kuwa za ka samu wani ya yi kama da wannan, wani da wancan, wani ya haɗa duka. Sai gwajin busa ya raba gardama.

Malamar jinya:
To mun zo kan na'urar yatsa. Ni abin da na sani shi ne in ta nuna ƙasa da 88 a tsaya. Amma akwai waɗanda da sun yi taku goma sun sauka 87, suna cewa ba su ji komai ba. In aka bi dokar ba za su taɓa yin tattaki ba.

Malamin motsa jiki:
Ni dai ina nan kan 88. Wanda yake shi kaɗai ba likita a kusa, gara a ba shi lamba ɗaya da ba gardama a kanta.

Likitan ƙirji:
Malam, ban ƙi ta taka ba, amma a bambanta abu biyu. A gwajin da ake yi gaban ma'aikaci, ƙa'idar da ƙungiyoyin likitocin huhu na Turai da Amurka suka fitar a 2014 ta ce sai ya sauka ƙasa da 80 ake dakatar da gwajin. A gida kuwa 88 wurin rage sauri ne ko tsayawa a huta har ta dawo 90, sannan a ci gaba. Ba wurin komawa gida a kwanta ba ne. Wanda kullum yake sauka ƙasa da 88 da ɗan motsi, wannan aikin likitansa ne ya duba shi ya yanke masa tasa iyakar.

Sannan na'urar kanta ba alƙali ba ce. Yatsa mai sanyi, jan farce, hannu na lilo lokacin tafiya, duk suna ba da lambar banza. A tsaya, a ɗora hannun a ƙirji, a jira daƙiƙa 20 zuwa 30 lambar ta zauna, a duba ko bugun da take nunawa ya yi daidai da na wuyan hannu. Mai shan taba za ta nuna masa sama da gaskiya, don ba ta bambanta oksijin da gubar hayaƙin da ta kama jini. Mai ƙarancin jini za ta nuna 97 yana haki kamar zai faɗi.

Akwai kuma batun fata, wanda ya shafe mu kai tsaye. Binciken da aka yi a Jami'ar Michigan a 2020 ya kwatanta lambar na'urar da ta jinin da aka ɗiba daga jijiya. Cikin waɗanda na'urar ta nuna musu 92 zuwa 96, kusan kashi 12 na baƙar fata ainihin oksijin ɗinsu yana ƙasa da 88, a fararen fata kuwa bai kai kashi 4 ba. Wato kuskurenta a kanmu zuwa sama yake, tana kwantar da hankali a inda bai kamata ba. In lamba ta yi kyau amma mutum ya rikice, ko jiri na ɗibarsa, mutumin za a bi.

Malamin motsa jiki:
To wannan ai hujja ce gare ni, Likita. In tana ƙara lamba, 88 ɗin da ya gani wataƙila 85 ce.

Likitan ƙirji:
Na karɓa. Shi ya sa ban ce a sauke iyakar gida ba. Abin da na ƙi shi ne mutum ya yi tafiyarsa ido a kan yatsa, da ta motsa gabansa ya faɗi, faɗuwar gaban ta ƙara saurin numfashi, iska ta ƙara maƙalewa. A duba kafin a fara, a tsakiya sau ɗaya ko biyu, da bayan an gama. Ya isa.

Malamar jinya:
Shin ba sai a ba duk mai sauka ƙasa oksijin ya riƙa tafiya da shi ba?

Likitan ƙirji:
Hankali haka yake cewa, Sista, amma da aka gwada ba haka ya fito ba. Wani babban gwaji a Amurka da aka buga a 2016, mutum 738 masu COPD waɗanda oksijin ɗinsu ya ɗan yi ƙasa suna zaune ko yake sauka in suna tafiya: rabi aka ba su oksijin, rabi ba a ba su ba. Ba a ga bambanci a mutuwa, ko kwanciya asibiti, ko nisan tafiya ba. Wanda oksijin ke tsawaita wa rai shi ne wanda yana zaune lafiya yake 88 ko ƙasa, kuma shi aƙalla awa 15 a yini yake buƙata. Irin wannan da oksijin ɗinsa zai yi tattaki, kuma yawanci adadin da ya ishe shi a zaune ba ya isarsa a tafe, sai an auna an rubuta masa na tafiya daban. Kada ya riƙa murɗawa da kansa, don wasu masu COPD in ya yi yawa iskar da ya kamata su fitar taruwa take yi, barci ya riƙa ɗaukar su. Su 88 zuwa 92 ake nema.

Wasu masu taurin huhu suna amfana da na tafiya. Hanyar sani mai sauƙi ce: gwajin minti 6 da oksijin, da kuma ba shi. In nisan bai ƙaru ba, hakin bai ragu ba, nauyin tukunya kawai aka ɗora masa. In za a ɗauka, a ja ta a kan taya, kada a rataya a kafaɗa.

Mai haɗa magunguna:
Kan inhela, wato maganin fesawa da ake shaƙa. Wanda aka rubuta wa salbutamol don motsi ke tayar masa da tushewa, ya shaƙa minti 10 zuwa 15 kafin ya fita, yawanci fesa 2. Ɗaya bayan ɗaya, ba a haɗe ba: a girgiza, a fitar da numfashi, a fesa ɗaya ana ja a hankali, a riƙe har daƙiƙa 10 in zai yiwu, a jira rabin minti, a sake girgizawa. Da bututun nan da ake haɗawa a bakinta ya fi, don yawancin mutane fesawa da ja ba sa zuwa musu tare, maganin ya ƙare a maƙogwaro. Rawar hannu da bugun zuciya bayan shaƙa sananne ne, yana wucewa.

Ya fita da ita a aljihu, ba a bar ta a gida ba. Kuma a riƙa ƙirga. Gwangwanin da aka saba gani yana ɗauke da fesa 200 ne, kuma bayan maganin ya ƙare yana ci gaba da fesa iska. Mutum ya girgiza ya ji motsi ya ɗauka da saura.

Mai dogon aiki irin tiotropium ba na gaggawa ba ne, amma shi ne ke rage maƙalewar iskar da Likitan fisiyo ya bayyana, don haka wanda ke tsallake shi zai ga tafiyarsa ta gajarce. Prednisolone kuma, ƙwayar rage kumburi, in aka daɗe ana sha yana cin cinya da ƙashi. Mai sayen sa da kansa duk lokacin da ƙirji ya yi nauyi, yana rushe abin da tattakin ke ginawa.

Malamar jinya:
Wanda ko minti 3 ba ya iya haɗawa fa?

Likitan fisiyo:
A yanka masa. Minti 1 tafiya, minti 1 hutu, sau 10, ya tara minti 10 ke nan. In hakan ma ya yi yawa, daƙiƙa 30 da 30. Hutun yana ba iskar da ta maƙale damar fita kafin ta taru, don haka jimillar aikin da cinya ta yi ya fi wanda zai yi a jere. Sirrin shi ne ya tsaya da agogo, ba sai haki ya tsayar da shi ba. Wanda ya jira sai numfashi ya ƙwace, minti biyar zai yi kafin ya dawo, kuma da tsoro zai dawo. A hankali a tsawaita tafiyar a gajarta hutun.

Yadda ake hutun ma ana koyar da shi. Ya sunkuya gaba kaɗan, ya dafa cinyoyi ko bayan kujera ko katanga, kafaɗu a sake, kai a ɗan sunkuye. Ko ya jingina baya da bango, ƙafafu a ɗan gaba. Dafawar tana kafe kafaɗa, tsokokin da ke wurin su koma taimakon numfashi, sunkuyon kuma yana tura ciki ya maido da tsokar ƙasan ƙirji siffarta. Iska mai sanyi a fuska, ko ta ƙaramar fanka ta hannu, tana rage jin hakin, ta jijiyar fuska abin yake bi. Kada a taru a kansa ana "ja numfashi sosai". Fitarwa za a tuna masa.

Saboda wannan dafawar ce keken dogarawa mai taya huɗu ke taimaka wa waɗanda nisansu bai kai mita 300 ba. Tafe yake amma hannu a kafe, ga wurin zama, ga wurin ajiye tukunyar oksijin. Mariƙin ya zo daidai wuyan hannu in ya tsaya hannu a sake, kuma a danne birki kafin a zauna. Da yawa suna ƙin sa don kunya, ni kuwa ina ganin zaman ɗaki ya fi shi tsufar da mutum.

Sai a haɗa da tashi-zauna daga kujera ba dafawa, sau 8 zuwa 12, zagaye 2 ko 3, kwana 2 ko 3 a mako, ana fitar da numfashi lokacin tashi. Tattaki shi kaɗai ba ya maido da ƙarfin cinyar da ta riga ta rame sosai.

Likitan ƙirji:
Masu yawan kaki, irin waɗanda hanyoyin iskarsu suka buɗe suka zama matattara, su fara share ƙirji kafin su fita: numfashi a natse, dogon numfashi uku ko huɗu, sannan fitar da iska baki a buɗe kamar mai son gilashi ya yi raɓa, har kakin ya hau. Tafiyar za ta ƙara motso wani, wannan alheri ne. Amma jini a kaki, a dakata a ga likita. Mai tarin fuka da ke kan magani yana iya tafiyarsa a fili, amma ba ya shiga horon taro a rufaffen ɗaki sai an tabbatar ya daina yaɗawa.

Abubuwan da ba a daurewa a kansu: ciwo ko nauyi a ƙirji, musamman mai tafiya hannu ko muƙamuƙi, jiri ko duhun gani, zuciya na tsalle-tsalle, rikicewar tunani, hakin da minti biyar zuwa goma na hutu da inhela ba su sauke shi ba. Mai hawan jinin jijiyoyin huhu kuwa, shi suma ce haɗarinsa, kada ya fara komai sai da tsarin likitansa.

Malamin motsa jiki:
Wurin tafiyar ma ba ƙaramin abu ba ne. An gwada a Landan: mutane 'yan shekara 60 zuwa sama, har da masu COPD, aka sa su tafiyar awa 2 a titin Oxford mai cunkoson motoci, wata rana kuma a lambun Hyde Park. A lambun huhu ya buɗe, jijiyoyin jini suka saki. A titin mafi yawan wannan ribar ta ɓace, masu COPD kuma tari da kaki suka ƙaru. Don haka a kauce wa bakin babban titi da lokacin cunkoso. Ranar ƙura ko hayaƙi a yi a cikin gida, ko zirga-zirga ce tsakanin ɗaki biyu da agogo. In iska ta yi sanyi a rufe hanci da baki da ƙyalle mara kauri. In zafi ya yi yawa a yi da sassafe ko yamma, a riƙe ruwa. Bayan cin abinci mai nauyi a jira awa 1 zuwa 2, don cikakken ciki yana tokare numfashi daga ƙasa.

Abu ɗaya da ake mantawa: dawowa. Mutum ya miƙe hanya har ya gaji, sannan ya tuna rabin tafiya ya yi. A farko a zaɓi zagaye gajere kusa da gida, inda aka san wuraren zama.

Malamar jinya:
In ciwon ya tashi fa, ya yi mako guda a kwance?

Likitan ƙirji:
Alamun tashin uku ne: haki ya fi na kullum, kaki ya ƙaru, launinsa ya koma ɗorawa ko kore. In da zazzaɓi ko biyu daga cikin ukun, horo ya tsaya, magani ya shiga. Amma tsayar da horo ba shi ne manne wa gado ba. Ya riƙa tashi yana zaga ɗaki, don mako ɗaya a kwance yana cin cinya fiye da yadda ake zato.

Lokacin komawa yana da muhimmanci. Shawarar GOLD, kwamitin duniya mai fitar da ƙa'idojin kula da COPD, ita ce a shiga tsarin horo cikin mako 4 bayan sallama, kuma wannan yana rage sake kwanciya. Gaggawa kuma ba ta biya ba: wani gwaji a Ingila a 2014 ya fara horo cikin awa 48 da kwantar da mutane, bai rage dawowa asibiti ba, kuma mace-mace a shekara ɗaya sun fi yawa a ɓangaren da aka yi wa. Don haka a bari guguwar ta wuce, amma kada a bari wata uku su wuce.

Likitan fisiyo:
Kuma ba daga inda ya tsaya zai ɗora ba. Ya koma kamar rabin lokacin da yake yi, ya hau a hankali cikin mako biyu ko uku. Tsarin horon da aka saba mako 6 zuwa 12 ne, amma wanda ya gama ya ajiye, cikin wata 6 zuwa 12 yawancin ribar ta zube. Ba a buƙatar abu mai yawa don riƙe ta. Binciken birnin Kopenhagen na ƙasar Denmark na 2006, wanda ya bi masu COPD sama da 2,000 shekaru da dama, ya samu cewa masu tafiya ko tuƙa keke kamar awa 2 a mako haɗarin kwanciyarsu asibiti ya ragu da kusan kashi 30 zuwa 40. Awa 2 a mako bai kai minti 20 a rana ba.

Mai haɗa magunguna:
Masu ƙirga taku da waya ko agogon hannu fa? Ana yawan tambaya ko sai an kai 10,000.

Malamin motsa jiki:
Wannan lambar ba tasu ba ce. Ya ɗauki na'urar mako ɗaya yana harkarsa yadda ya saba, a fitar da matsakaicin rana, a ɗora kamar kashi 10 a kai kowane mako. Mai 2,000 ya nemi 2,200. Ƙarin taku 600 zuwa 1,100 a rana a kan inda ya fara shi ake ɗauka canji mai ma'ana ga mai COPD. Sai dai na'urorin nan ba sa kama tafiyar hankali da kyau, suna tsallake taku, kuma agogon hannu ba ya ƙirga komai in hannun yana kan keken dogarawa ko yana jan tukunya. Irin wannan ya sa wayar a aljihun wando, ya yi taku 100 yana ƙirgawa da baki ya ga nawa ta rubuta. In ta rubuta 70, ya bar ta ya koma ƙirga minti.